Buhunan Kaki a Motar Surukina

Duk wanda ya zo neman aiki wurina ya ce, "Hajiya, ko gadi ne a taimaka a ba ni," tun daga nan nake fara yi masa kallon wanda ba zai daɗe ba. Ku ma da aka ɗauka a bana, na san abin da ke ranku. Kun hango benci a inuwa, kun hango rediyo da butar shayi, kun ce ga aikin da mutum zai yi ƙiba a cikinsa. To ku gyara zama ku ji. Sunana Saude, 'yar Garo ce ni ta ƙasar Kabo, aure ya kai ni wani ƙauye a bayan Madadi. Ni ce shugabar masu tsaro a wannan masana'anta ta kan hanyar Gwarzo, inda ake ɗinka wa sojoji kaki. A tsaye na yi furfurar nan da kuke gani, ban san daɗin bencin da kuke hange ba.

Da ɗakin labule na fara, inda ake caje mata. Lokacin da aka buɗe wurin, mata masu ɗinki da masu sa maɓalli sun fi maza yawa, kuma babu namijin da zai sa hannu ya laluba matar wani idan an tashi daga aiki. Sai aka nemi mace. Da na karɓa, 'yan garinmu suka samu abin hira. Aka ce matar Malam Isiya ta sa wando ta zama 'yar doka, aka ce gobe ma sai ta kama mijin nata. Ko a jikina. Na ɗaura ɗankwalina a ƙarƙashin hular aiki na ci gaba da hawa mota kowace safiya.

Wanda ya koya mini aikin wani tsohon soja ne, Kofur Ilu, mutumin Sabon Birni. Gajere ne, kunnensa ɗaya ya mutu tun yana bakin daga, shi ya sa kullum magana yake kamar yana kiran wani a hayin rafi. Ranar farko bai ba ni usur ba, bai ba ni kulki ba. Kujera ya ajiye mini a gefen ƙofa ya ce in kalli masu fita. Da yamma ya tambaye ni, "Me kika gani?"

Na ce, "Mutane na gani, Baba Kofur."

Ya ce, "Madalla. Gobe ma ki zo ki ga mutane."

Haka ya yi ta gasa ni a kujerar nan har haushi ya ishe ni, na fara kallo da gaske don in samu abin da zan rufe masa baki. Sai ga shi ido ya buɗe. Wanda ya sa wando biyu ba ya lanƙwasa gwiwa yadda ya saba. Wadda ta naɗe yadi a cikinta ba ta jan numfashi har ƙasa, kuma tana yawan gyara hijabi ta gaba. Wanda ya ɗauki abu yakan zo da gaisuwa mai tsawo, ya tambaye ki yara, ya tambaye ki gajiya, har da jikin tsohuwar da bai taɓa gani ba. Ranar da na faɗa wa Kofur Ilu haka, sai ya cire usur daga wuyansa ya miƙo mini.

Za a ba ku sikana, wannan sandar da ake shafawa a jikin mutum ta yi ƙara. Na ga yadda sababbi ke ɗaga ta kamar an ba su sandar girma. Ku sani ƙarfe kawai take ji. Za ta yi muku kuka a kan makulli da zoben azurfa, amma mutum ya wuce da riga da wando na soja a ƙarƙashin kaftani, shiru za ta yi. Kayanmu yadi ne, yadi kuma ba ya ƙara. Za a ba ku oba-oba, rediyon da muke magana da juna da ita, ku riƙe ta da caji, kuma kada in ji ana hirar ƙwallo a cikinta. Kulki kuwa, tun da na rataya nawa ban taɓa dukan kowa da shi ba. Kayan aikin da na fi ji da shi babban almakashi ne da ke rataye a ofishina, za ku ji amfaninsa.

Mace ta farko da na kama maƙwabciyar mahaifiyata ce a Garo, ta goya ni ina jaririya. Wando mai roɗi-roɗi na samu a naɗe a ƙarƙashin zaninta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Saude, don Allah. Malam zan kai wa ya riƙa shiga gona, ƙaya ba ta huda shi." Na san gaskiya ta faɗa, don manoma na son wandon soja kamar me. Na bar ta a bayan labule na je na sanar da Kofur Ilu. Ya ce, "Ki karɓe wandon. Ki bar mata mutuncinta ta tafi da shi gida. Manaja zai ji, amma layin da ke waje ba zai ji ba." Haka aka yi. An yi mata gargaɗi a ofis, ta ci gaba da aikinta, kuma daga baya ita ce ke raɗa mini idan ta ga wata na shirin yin irin nata. Da na tozarta ta a gaban jama'a, da na samu wando ɗaya na rasa ido biyu a cikin ɗakin ɗinki.

Masu kayan kuma, wato hafsoshin da ke zuwa karɓa, ba su san wasa ba. Su juya riga ciki da waje, su ja ɗinki, su auna aljihu. Wadda ta karkace ko launinta ya saɓa, sai su jefa gefe. Waɗannan da aka ƙi su muke kira ragowa. A da, mai wurin, Alhaji, mutum ne mai sakin hannu, idan salla ta zo sai ya raba ragowar ga direbobi da masu shara da duk wanda ya zo gaisuwa. Ba wanda ya ga laifin haka a lokacin, har da ni.

Da Kofur Ilu ya gaji ya koma gida, ni ya nuna. Maza suka yi tsalle suka dire, suka ce ba za su ƙame wa mace ba. Ban yi musu da kowa ba. Na ɗauki ƙofar tsakar rana, wadda kowa ke gudu, na riƙe ta da kaina har bazara ta wuce. Sannan na zauna na san kowa: wane ɗan gidan wa ne, wa yake aure, wa ya koya masa karatun allo. Ma'aikatan nan duk 'yan ƙasa ɗaya ne, daga Kabo zuwa Gwarzo. Ka tsayar da mutum a ƙofa ka ce ya caje surukinsa ko malaminsa, ka san ba zai iya ba, sunkuyar da kai zai yi har su wuce. Saboda haka ba na haɗa mai tsaro da wanda yake jin kunya. Idan na hango irin haka na tafe, sai in aike shi ƙofar baya in tsaya a wurinsa. A hankali suka gane ina ɗauke musu abin da ya fi ƙarfinsu, sai ƙamewar ta zo da kanta.

An tura ni kwas Kaduna, kuma duk wanda aka tura cikinku ya tafi da gudu, kada ya ce ya riga ya iya. A can na zauna da masu tsaron wuraren da ake ƙera abin da ya fi yadi haɗari, na ga ashe damuwarmu ɗaya. A can aka nuna mana yadda ake kashe riga: a cire bajo, a tsaga ta daga wuya zuwa ƙasa, a yanke hannuwa, a ƙone a gaban jami'i. Na dawo na faɗa wa Alhaji. Ya yi dariya ya ce, "Saude, ke da an kai ki Kaduna sai ki dawo mana da almubazzaranci? Yadi mai kyau a cinna masa wuta?" Na dai sayi almakashina na rataye.

Sai ga muguwar shekarar. Wasu mutane suka fara shiga ƙauyukan bakin iyakar Katsina da rana tsaka, sanye da kaki. Jama'a su fito da murna, mata su aiko da ruwan sha, a zaton jami'ai ne suka zo. Kafin a farga an kore shanu, an tafi da mutane. Hukuma ta bi duk inda ake ɗinka kaki da bincike, aka dakatar da mu. Aka lulluɓe kekunan ɗinki da leda, mata suka koma gida, mu kaɗai muka rage muna gadin ɗakuna shiru. A kasuwar Gwarzo sai in ji ana nuna ni da baki, ana cewa ga masu sayar wa ɓarayi riga. Ba a samu namu a hannun kowa ba, Allah ya rufa asiri, amma na yi ta tunanin ragowar da aka raba a sallolin baya, ina suke, a jikin wa. Da aka sake buɗe mu, jami'in da ya zo ya tara mu ya yi magana ba kwana-kwana. Ya ce duk wanda suka haɗu da shi a daji da kaki alhali ba nasu ba ne, babu lokacin tambayarsa sunan ubansa. Daga ranar almakashina ya fara aiki, Alhaji da kansa ya sa hannu a dokar.

Tsoro bai bar ƙauyuka ba. A namu, samari suka haɗa ƙungiyar sintiri, suna zaga gari da gonaki da gora da bindigar toka. Ɗana na fari yana cikinsu, magidanci ne da 'ya'yansa. Mai kula da su kuwa surukina ne, mahaifin Malam Isiya, shi ne mai unguwarmu. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa wucewa ta gabansa da takalmi ba. Kowace yamma daga tukunyata ake kai masa tuwo. Mutumin kirki ne, kuma shi ya tsaya mini lokacin da dangi suka so a hana ni aikin nan.

Shi ne ya zo wurin Alhaji ba tare da na sani ba. Ya ce yaransa na fuskantar masu manyan bindigogi da singileti, a taimaka musu da ragowa, ko ɓarayi sa hango kaki su ja da baya. Alhaji ya ji tausayi, kuma dattijo ne ya tako da ƙafarsa. Ya ce a zuba masa.

Bayan azahar ne, rana na dukan tsakuwar bakin ƙofa har tana hayaƙi. Ina sito sai oba-oba ta yi magana. Habu ne, ɗaya daga cikin mutanena, ɗan ƙauyenmu, a gaban mai unguwa ya girma. Ya ce, "Oga, motar Baba mai unguwa ce a get, da buhuna a baya. Alhaji ya ce a buɗe. Oga, wallahi ba zan iya ce masa komai ba."

Na ce, "Kada ka ce. Kada kuma ka buɗe. Ga ni nan."

Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba. Wannan karon babu wanda zan aika ƙofar baya ya tsaya a madadina, ni ce mai jin kunyar, ni ce kuma ta ƙarshe. Na iso na ga a-kori-kura, Baba a gaba kusa da direba, buhuna a ɗaure a baya, hannun riga mai roɗi-roɗi ya leƙo ta bakin ɗaya. Na ce wa Habu ya je ya sha ruwa. Na kwance takalmana na ajiye gefe, na tako tsakiyar ƙofa, daidai gaban motar, na durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, Saude. Ya aiki?"

"Da godiya, Baba. Ya rana? Ya jama'a?"

"Alhamdu lillahi. Allah ya yi miki albarka. Tashi, ki sa a buɗe mana."

Kaina a ƙasa na ce, "Baba, a gafarce ni. Kayan da ke bayan motar nan ba sa fita."

Ya ce, "Mai wurin ne ya ba ni."

"Na sani, Baba."

"To tashi."

Ban tashi ba. Tsakuwar ta fara cin gwiwata ta cikin wando. Masu ɗinki suka fara leƙowa ta taga, masu dako suka ajiye kaya suka tsaya kallo. Kun san yadda abin yake a wurinmu. Suruka ba ta musu da suruki, amma shi ma suruki ba ya barin matar ɗansa durƙushe a rana a gaban mutane. Mota kuma ba ta da hanya sai ta kaina.

Sai ga Alhaji ya fito, babbar riga na jan ƙasa. Ya ce, "Saude, mene ne haka? Ni na bayar. Ko kamfanin naki ne?"

Na ce, "Naka ne, Alhaji. Ƙofar ce ka damƙa mini. Idan ka karɓe ta yanzu, ka ba wani ya buɗe. Amma sai an ɗauke ni daga nan tukuna."

Alhaji ya ja da baya. Ya san dokar, ya san idan riga ɗaya ta bayyana a daji, matan nan da ke leƙe za su sake komawa gida, wataƙila ba dawowa.

Baba ya buɗe ƙofar mota ya sauko, ya dogara sandarsa ya tsaya a kaina. Inuwarsa ta rufe ni. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ke yarinya, kin manta yaron nan naki yana cikinsu? Da 'yar shara yake shiga daji. Ni jikana nake nema wa sutura, ke kina tare hanya."

Ɗan fari ne, kun san ba ma faɗin sunansu. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ko a ɗaka, balle a gaban kakansa. Ranar na faɗa. Na ce, "Baba, Habibu nake tare wa. Idan Habibu ya sa rigar nan, ɓarayi za su fara harbinsa don sun ɗauka soja ne. Sojoji kuma za su harbe shi don sun san ba nasu ba ne. A kunnena aka faɗa, a nan inda kake tsaye. Kuma ran da 'yan garinmu suka saba ganin kaki a jikin yaransu, ranar da baƙi suka shigo da shi ba wanda zai gudu. Ban haife shi don in buɗe ƙofa a kai masa likkafani ba."

Na ji wata daga taga ta ce, "Innalillahi, ta faɗi sunan!" Ina kallon ƙafafun Baba, yatsunsa na motsi a cikin takalmi. Gumi na zuba daga haɓata yana ɗiga a tsakuwa. Can Baba ya juya ya ce wa direba, "Sauke musu tsummansu."

Sai da buhu na ƙarshe ya dira ƙasa na miƙe, gwiwoyina sun saluɓe. Da hannuna na buɗe masa ƙofa. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba." Ya kau da kai, mota ta wuce. Kafin la'asar na cire bajo, na tsaga rigunan nan ɗaya bayan ɗaya, na kulle su har jami'i ya zo aka ƙone.

Alhaji ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata. Da na ga ya fara hucewa, na same shi na ce tun da niyyar alheri ya yi, ga kekuna ga maɗinka, a sayo shuɗin yadi wanda ba na kowa ba, a ɗinka wa 'yan sintiri. Ya ce, "Ke dai ba kya barin mutum ya yi fushinsa ya gama." Aka ɗinka. Yau da shuɗi suke zagaye, jami'ai sun san su, idan sun haɗu a hanya har hannu suke ɗaga musu. Ɗan nawa na cikinsu, da ransa da lafiyarsa.

Baba kuwa, a ganinsa matar ɗansa ta tsinka shi a gaban 'yan dako. A yammacin ranar na tuƙa tuwo na aika masa kamar kullum, aka dawo mini da kwanon a rufe, ko miyar ba a taɓa ba. Malam Isiya ya je ya ba da haƙuri, 'yan'uwa sun je, liman ya je. Ya ce shi bai yi fushi da kowa ba, yunwa ce ba ya ji. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, kwano na tafiya yana dawowa yadda ya tafi. Abin yana ci mini rai, don ina ƙaunar tsohon nan kamar mahaifina. An ce in je in ce na yi kuskure, zai ci. Na je na durƙusa na ce ya yafe mini ɓacin ran da na sa shi. Kuskure kam ban ce na yi ba, don ban yi ba.

Jiya ma na aika, ya dawo a rufe. Yau idan na tashi daga nan zan tuƙa in sake aikawa. Gobe kuma idan ya dawo da mota da buhuna, a tsakiyar ƙofar nan zai same ni, takalmina a gefe.